Mashayar gargajiya ta Birtaniya da giyar ganga

Mashayar gargajiya ta Birtaniya, wadda mutanen ƙasar ke kira pub, gida ne mai lasisin sayar da giya da sauran kayan sha domin a sha a wurin. An gajarce sunan ne daga public house, wato gidan da ƙofarsa ke buɗe ga kowa. Ana samun irin waɗannan gidaje a birane da ƙauyukan Ingila, Wales, Scotland da Ireland. A ƙananan ƙauyuka da yawa, mashaya da coci su ne manyan wuraren haɗuwar jama'a. Mashayar da mutum ya saba zuwa a unguwarsu, inda aka san shi ya san mutane, ita ce Turawan Ingila ke kira local.

Abin shan da aka fi danganta shi da waɗannan gidaje shi ne giyar ganga, wadda ake kira real ale ko cask ale. Giya ce da ba a tace ta, ba a kuma dumama ta don kashe yistin da ke cikinta. Tana barin kamfani tun ba ta gama nuna ba, sai ta ƙarasa tsimuwa a cikin gangar da za a sayar da ita, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashaya. Saboda haka mashaya ce matakin ƙarshe na haɗa wannan giya, kuma raguwar gidajen giya a Birtaniya tun daga shekarun 1980 ta shafe ta kai tsaye.

Tarihi

Bayan da Rumawa suka shiga Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, sun kafa shagunan abinci da abin sha a bakin hanyoyin da suka shimfiɗa. A zamanin Anglo-Saxon da ƙarnonin da suka biyo baya, haɗa giya aikin gida ne, kuma mata ne suka fi yin sa. Idan mace ta dafa fiye da abin da gidanta ke buƙata, sai ta kafa sanda a ƙofa don maƙwabta su san akwai na sayarwa. Daga nan gidajen giya na unguwa suka samo asali. A shekarar 1393 Sarki Richard na II ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama a ƙofar gidajensu domin jami'an da ke duba ingancin giya su gane su.

A wancan lokaci gidajen sha iri uku ne. Akwai gidan giya na talakawa, akwai gidan da ake sayar da giyar inabi ga masu hali, sannan akwai masaukin matafiya mai ɗakunan kwana da bargar dawaki. Dokar shekarar 1552 ta sa dole mai gidan giya ya karɓi lasisi daga alƙalan yankinsa. Ƙidayar da aka yi a 1577 don karɓar haraji ta nuna akwai gidajen giya 14,202, masaukai 1,631 da gidajen giyar inabi 329 a Ingila da Wales. A hankali bambancin da ke tsakanin ukun ya dushe, sunan public house ya haɗe su.

Tsohuwar giyar Ingila, wadda ake kira ale, ba a sa mata furen hops. Giyar da ke da wannan fure ta shigo daga yankin Holan da Beljiyom na yau, ana kiranta beer, kuma a ƙarni na 16 aka fara noman hops a gundumar Kent. Furen yana ba giya ɗaci da ƙanshi, yana kuma hana ta saurin lalacewa, don haka daga baya kusan kowace giya ta koma ɗauke da shi.

A farkon ƙarni na 18 shan barasa mai ƙarfi da ake kira jin ya yi ƙamari a tsakanin talakawan Landan, har majalisa ta kafa dokoki da dama a kansa, ciki har da ta 1751. Hukumomi na ganin giya ta fi jin sauƙin illa. Wannan na daga cikin dalilan kafa dokar 1830, wadda ta ba duk magidancin da ke biyan harajin gida damar dafa giya da sayar da ita idan ya biya gini biyu, wato fam biyu da sule biyu. Cikin shekara takwas an buɗe sababbin gidajen giya kusan 46,000. Dokar 1869 ta mayar da ikon ba da lasisi hannun alƙalai. A ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria kamfanonin giya suka yi ta sayen mashayu suna ƙawata su da madubai, gilasai masu zane da katako mai sassaƙa. Da yawa daga cikin gine-ginen da ake gani a yau na wannan zamani ne.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta taƙaita lokacin buɗewa zuwa 'yan sa'o'i da rana da 'yan sa'o'i da yamma, saboda tsoron kada shaye-shaye ya rage aikin masana'antun makamai. A yankin Carlisle gwamnati ta karɓe kamfanonin giya da mashayu a 1916, ta ci gaba da tafiyar da su har farkon shekarun 1970. Rufewar tsakar rana ta daɗe bayan yaƙin. Sai a 1988 aka yarda mashayun Ingila da Wales su wuni a buɗe a ranakun aiki.

Fasalin gini da sunaye

Zuciyar mashaya ita ce kanta, inda ake tsayawa a saya. A kanta ake jera dogayen hannayen famfo, kowanne da ɗan allo mai sunan giyar, kamfanin da ya yi ta da kuma ƙarfinta. A da ana raba gidan ɗaki-ɗaki. Akwai ɓangaren ma'aikata mai benci da daɓen katako inda farashi ya fi sauƙi, akwai falo mai kujerun laushi da darduma, wasu gidajen kuma suna da ɗan ƙaramin ɗaki da ake kira snug ga masu son keɓewa. Daga shekarun 1960 an rushe bangayen da ke tsakanin ɗakunan a yawancin mashayu. A ƙauye akan samu murhun jin ɗumi a ciki da lambu mai tebura a waje.

Kowace mashaya tana da suna da allo mai hoto a ƙofa, al'adar da ta faro tun lokacin da yawancin mutane ba su iya karatu ba. Sunan da ya fi yawa shi ne Red Lion, ma'ana jan zaki, sai Crown, wato kambin sarauta, da Royal Oak. Na ƙarshen yana tuna bishiyar da Charles na II ya ɓuya a kanta a Boscobel bayan an ci shi da yaƙi a Worcester a 1651. White Hart, farin barewa, tambarin Richard na II ne. Wasu sunayen na sana'o'i ne, wasu na jaruman yaƙi, wasu kuma na jiragen ruwa ko na ƙasa.

Yadda ake haɗa giyar ganga

Abubuwa huɗu ake buƙata: ruwa, tsiron sha'ir, furen hops da yisti. Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, sannan a busar da shi da zafi. Gwargwadon gashin da aka yi masa, gwargwadon duhun giyar. Ana ɓarza tsiron a cuɗa shi da ruwan zafi mai kimanin digiri 65 a ma'aunin Salshiyos na awa ɗaya ko fiye, domin sitacin da ke cikinsa ya koma sukari. Sai a tsiyaye ruwan zaƙin, a tafasa shi da hops, a huce shi, a zuba yisti. Yistin yana cin sukarin ya fitar da barasa da iskar kabon dayoksaid. Yistin ale yana aiki a ɗumi, wajen digiri 18 zuwa 22, yana taruwa a saman ruwan, kuma yakan gama babban aikinsa cikin 'yan kwanaki. Yistin giyar laga kuwa a sanyi yake aiki, yana ɗaukar lokaci mai tsawo.

Daga nan hanya ke rabuwa. Giyar da za a sa a gangar matsi, wadda ake kira keg, akasari ana tace ta, a dumama ta, a cusa mata iskar gas, a rufe. Tana iya yin makonni ba ta canza ba. Giyar ganga kuwa ana ɗura ta da sauran yisti mai rai da ɗan sukarin da bai gama ci ba. Bisa al'ada ana zuba mata wani sinadari da ake samu daga jakar iskar da ke cikin kifi, wanda ke janyo yisti ya kwanta a ƙasa don giyar ta yi garau. Wasu kamfanoni a yanzu sun daina amfani da shi saboda masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba, shi ya sa giyarsu ke fitowa da ɗan gauraye.

Gangunan a da na itacen oak ne, a yau yawancinsu na ƙarfe ne. Wadda aka fi amfani da ita ita ce firkin, mai cin galan 9 na Birtaniya, wato kofin faint 72 ko kimanin lita 41. Akwai pin mai galan huɗu da rabi, kilderkin mai galan 18, barrel mai galan 36 da hogshead mai galan 54.

Aikin ɗakin ƙasa

Idan ganga ta iso mashaya, ana kwantar da ita a kan gadon katako ko na ƙarfe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ake riƙe sanyi tsakanin digiri 11 da 13. Gangar tana da kafa biyu: ɗaya a bayanta da ke kallon sama, ɗaya a fuska inda ake buga famfo. Mai kula da ɗakin yana huda toshiyar sama ya sa ɗan tsinken katako mai laushi wanda iska ke iya ratsawa, domin rarar gas ta fita. Idan giyar ta lafa sai ya canza shi da tsinke mai tauri don riƙe sauran gas ɗin. Wannan aiki yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, giya mai ƙarfi kuma ta fi haka. Kafin a fara sayarwa sai ya zuba kaɗan a kofi ya duba haskenta, ya shinshina, ya ɗanɗana.

Ana jawo giyar zuwa kanta da famfon hannu, na'urar da injiniya Joseph Bramah ya yi wa rajista a 1797. A wasu ƙananan mashayu da wuraren bukukuwa ana tsiyayo ta kai tsaye daga bakin ganga. Duk kofin da aka zuba, iskar waje na shiga gangar ta maye gurbinsa. Daga lokacin giyar ta fara tsufa, kuma ƙa'idar masu sana'ar ita ce a sayar da ganga cikin kamar kwana uku. Idan ta wuce haka takan yi lami, daga baya ta yi tsami. Ana kuma wanke bututun da ke tsakanin ganga da famfo duk mako.

Wannan shi ya sa giya ɗaya daga kamfani ɗaya za ta iya yin daɗi a wannan mashaya ta lalace a ta gaba. Mashayar da ba ta da ciniki ba ta iya ƙarar da ganga a kan lokaci, sai ko dai ta zubar ta yi asara, ko ta sayar da marar kyau ta kori masu saye. Ƙungiyar Cask Marque, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1990, tana aika masu bincike su auna sanyi, haske, ƙanshi da ɗanɗanon giya, sannan ta ba mashayar da ta ci jarrabawa allon shaida.

Ire-iren giyar ganga

Bitter ita ce aka fi sani. Launinta daga ruwan zuma zuwa ja-ja, tana da ɗacin hops, kuma ƙarfin barasarta yawanci tsakanin kashi 3.5 da 4.5 cikin ɗari ne. Mild ba ta da ɗaci sosai, akasari baƙa-baƙa ce kuma marar ƙarfi. Ita ce ma'aikatan masana'antu suka fi sha har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kuma har yanzu tana da masoya a yankin West Midlands. Porter baƙar giya ce da ta yi tashe a Landan a ƙarni na 18, daga ita stout ta fito. Pale ale da India pale ale sun shahara a ƙarni na 19 daga garin Burton upon Trent, wanda ruwan rijiyoyinsa ke da sinadarin jifsam da ke fito da ɗacin hops. Golden ale, mai launin zinariya, ta bayyana a shekarun 1980 domin jawo masu shan laga.

Cikin tsofaffin kamfanonin da ke yin giyar ganga akwai Shepherd Neame na Faversham, wanda ke ƙirga kafuwarsa daga 1698, Harvey's na Lewes, Theakston na Masham, Adnams na Southwold da Timothy Taylor na Keighley, mai giyar Landlord. Giyar London Pride ta Fuller's ana yin ta a Chiswick da ke Landan, kuma a 2019 kamfanin Asahi na Japan ya sayi ɓangaren haɗa giyar. Irin hops na gargajiya da aka fi sani su ne Fuggle da Goldings, irin sha'ir kuma Maris Otter.

Akwai bambanci tsakanin arewa da kudu wajen zubawa. A arewacin Ingila, musamman Yorkshire, ana ɗaura wa bakin famfo wani ɗan murfi mai ƙananan huji da ke sa giya ta yi kumfa mai kauri. A kudu an fi son ta da kumfa kaɗan.

Ƙungiyar CAMRA

A shekarun 1960 kamfanonin giya suka yi ta haɗiye juna har manya shida suka mamaye kasuwa: Allied, Bass Charrington, Courage, Scottish & Newcastle, Watney Mann da Whitbread. Sun fi son giyar keg saboda ba ta buƙatar gwanin ɗakin ƙasa, tana jure tafiya, kuma ana iya tallata suna ɗaya a duk faɗin ƙasa. Aka cire famfunan hannu daga dubban mashayu, aka rufe ƙananan kamfanoni da yawa.

A watan Maris na 1971 wasu abokai huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, Michael Hardman, Graham Lees, Jim Makin da Bill Mellor, suka kafa ƙungiyar adawa da wannan sauyi yayin da suke hutu a Ireland. A 1973 ta ɗauki sunan Campaign for Real Ale, a taƙaice CAMRA, ma'ana fafutukar kare giya ta ainihi. Ita ce ta ƙirƙiro kalmar real ale don bambanta giyar ganga da ta keg. Ta kafa hedikwatarta a St Albans. Tana wallafa littafin Good Beer Guide duk shekara, wanda ke lissafa mashayu kusan 4,500 da mambobinta suka zaɓa, kuma a 1977 ta fara babban bikin giya na ƙasa a Alexandra Palace da ke Landan. Tana kuma ajiye rajistar mashayun da cikinsu bai canza ba tun da.

Fafutukar ta taimaka wajen dawo da famfon hannu da buɗe ƙananan kamfanoni. A 2002, lokacin da Gordon Brown ke ministan kuɗi, an rage wa ƙananan kamfanoni harajin giya, abin da ya ƙara yawansu. Daga ƙasa da 200 a shekarun 1970, adadin kamfanonin giya a Birtaniya ya haura 1,500. Duk da haka laga ce aka fi sha a ƙasar tun wajajen ƙarshen shekarun 1980, kuma cinikin giyar ganga ya daɗe yana raguwa.

Al'adun ziyara

A mashayar gargajiya ba a zama a jira ma'aikaci ya zo tebur. Mai saye yana zuwa kanta ya faɗi abin da yake so ya biya nan take. Ba a yin layi a fili, amma ma'aikacin kanta yana lura da wanda ya riga zuwa, kuma ana ganin rashin ladabi ne mutum ya tsallake wani. Wanda bai san wata giya ba yana iya neman a ɗiba masa kaɗan ya ɗanɗana kafin ya saya. Idan aka ba shi wadda ta yi tsami, yana da damar mayarwa a canza masa.

Doka ta ƙayyade ma'aunin giyar famfo. Faint ɗaya mililita 568 ne, kuma ana sayar da sulusinsa, rabinsa, kashi biyu cikin uku ko cikakkensa. Masu son gwada iri-iri sukan sayi sulusi uku na giya daban-daban a kan ɗan faranti, su fara da marar ƙarfi su ƙare da baƙa ko mai ɗaci. Abin da suke dubawa shi ne haske, ƙanshi, daidaito tsakanin zaƙin tsiro da ɗacin hops, da ɗan motsin gas a harshe. Baƙi sukan ce giyar Ingila ɗumi gare ta, saboda sanyinta bai kai na laga da ke fitowa daga firiji ba.

Idan abokai suka je tare, mutum ɗaya ne ke saya wa kowa, sannan na gaba ya karɓa, har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya zame kafin layi ya zo kansa yakan yi baƙin jini. Ba a saba ba ma'aikacin kanta tukwici ba, sai dai a ce ya ƙara kuɗin kofi ɗaya don kansa. Daf da rufewa ana kaɗa ƙararrawa don sanar da saye na ƙarshe, a sake kaɗawa idan an rufe kanta.

Ban da sha, ana wasan jifan allo da ƙananan kibau, domino, karta da gasar kacici-kacici ta mako-mako. Ƙungiyoyin ƙwallon unguwa da na sa kai sukan yi taronsu a nan. Abincin da aka saba samu ya haɗa da soyayyen kifi da dankali, fanken nama da gasasshen naman ranar Lahadi. Mashayun da suka fi ba abinci muhimmanci ana kiransu gastropub, kuma ana danganta farkonsu da The Eagle da ke Clerkenwell a Landan, a 1991.

Mallaka da dokoki

Mashayu iri biyu ne ta fuskar mallaka. Akwai wadda ke ɗaure da wani kamfani, inda mai haya dole ya sayi giya daga mai ginin, akwai kuma mai zaman kanta da ke saye daga inda ta ga dama. A 1989 hukumar hana babakere ta gano cewa manyan kamfanoni shida ne ke yin kashi uku cikin huɗu na giyar ƙasar. Gwamnati ta umarci duk kamfanin da ke da mashayu sama da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi. Sakamakon haka dubban mashayu suka koma hannun sababbin kamfanonin da ba sa dafa giya, sai dai karɓar haya da dillancin giya ga masu hayar.

Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba barasa. A Ingila da Wales ɗan shekara 16 ko 17 na iya shan giya tare da abinci a tebur idan babba ne ya saya kuma yana tare da shi. Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005, ta ba kowace mashaya damar neman sa'o'in da suka dace da ita daga ƙaramar hukuma. An hana shan taba a cikin mashayu a Scotland a 2006, sannan a Wales, Ireland ta Arewa da Ingila a 2007.

Lafiya da masu ƙaurace wa barasa

Manyan jami'an lafiya na Birtaniya sun ba da shawara a 2016 cewa kada namiji ko mace su wuce awo 14 na barasa a mako. Awo ɗaya shi ne mililita 10 na tsantsar barasa, don haka faint ɗaya na giya mai ƙarfin kashi 4 ya kai awo 2.3, awo 14 kuma kimanin faint shida. Yawan sha yana jawo ciwon hanta, hawan jini, wasu nau'o'in kansa da haɗurran mota. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Iyakar barasa a jinin direba ita ce miligiram 80 cikin mililita 100 a Ingila da Wales, a Scotland kuma 50 tun Disamban 2014.

Adawa da shan giya tana da tsohon tarihi a ƙasar. A 1832 Joseph Livesey da wasu mutum shida suka yi alƙawarin barin barasa baki ɗaya a garin Preston, kuma majami'u irin su Methodist suka rungumi wannan kira. Musulunci ya haramta giya, kuma ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kashi 6.5 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales. Mashayu suna sayar da lemo, shayi, kofi da giya marar barasa ga waɗanda ba sa sha.

Raguwa da yunƙurin ceto

Alƙaluman ƙungiyar masu sana'ar giya da mashayu ta Birtaniya sun nuna akwai mashayu kusan 69,000 a 1980, kimanin 60,800 a 2000, da kimanin 47,200 a 2019. Dalilan da ake bayarwa sun haɗa da arahar giya a manyan kantuna, haraji, tsadar haya da wutar lantarki, rufewar masana'antun da ma'aikatansu ke cika mashayu, da kuma tsadar filaye da ke sa mayar da ginin gidajen kwana ya fi riba. A 2015 giyar da aka saya a kantuna ta zarce wadda aka sha a mashayu da gidajen abinci. Da aka rufe mashayu a ranar 20 ga Maris 2020 saboda annobar korona, an zubar da miliyoyin faint, kuma giyar ganga ta fi jin jiki domin ba ta ajiyuwa.

Dokar 2011 ta ba mazauna unguwa a Ingila damar yi wa mashayarsu rajista a matsayin kadarar al'umma. Idan mai ita ya tashi sayarwa, ana ba su wata shida su tara kuɗi su taya. The Ivy House da ke Nunhead a kudancin Landan ta koma hannun mutanen unguwa ta wannan hanya a 2013, yayin da mutanen ƙauyen Hesket Newmarket a Cumbria suka sayi The Old Crown tun 2003. Daga 2017 sai da izinin hukumar tsara gari ake rushe mashaya ko canza amfaninta a Ingila. Da aka rushe Carlton Tavern ta Landan ba izini a 2015, hukumar Westminster ta tilasta a sake gina ta yadda take, aka buɗe ta a Afrilun 2021. The Crooked House, wata karkatacciyar mashaya kusa da Dudley, ta ƙone a Agustan 2023 aka kuma rushe ta bayan kwana biyu, abin da ya tayar da ƙura a faɗin ƙasar.

An kuma samu sabon salo na ƙananan mashayu masu ɗaki ɗaya, waɗanda ake buɗewa a tsofaffin shaguna, ba kiɗa ba talabijin, giyar ganga ce babbar hajarsu. Ta farko ita ce The Butcher's Arms a ƙauyen Herne da ke Kent, wadda Martyn Hillier ya buɗe a 2005.

Wasu sanannun mashayu

Ye Olde Cheshire Cheese da ke titin Fleet a Landan an sake gina ta a 1667, bayan babbar gobarar 1666.

The George Inn a Southwark ita kaɗai ta rage a Landan cikin tsofaffin masaukan matafiya masu baranda, kuma tana hannun hukumar National Trust.

The Eagle a Cambridge ita ce inda Francis Crick da James Watson suka ba abokan aikinsu labarin gano fasalin DNA a 1953.

The Eagle and Child a Oxford ta kasance wurin haɗuwar marubuta J. R. R. Tolkien da C. S. Lewis.

Ye Olde Trip to Jerusalem a Nottingham tana da ɗakunan da aka fafe cikin dutsen da fadar garin ke kai, kuma tana cikin masu iƙirarin zama mafi tsufa a Ingila.

Tan Hill Inn a arewacin Yorkshire ita ce mafi tudu a Birtaniya, a tsayin mita 528 daga saman teku.